Fitilar UV a Babban Tankin Kifi: Wace Hanyar Haɗawa Ta Fi, Kuma Yaushe Za a Haƙura da Ita?

Wanda ke riƙe da tankin kifi mai cin lita 800, ko 1,000, ko fiye, ba ya rasa ranar da zai yi tunanin ƙara fitilar UV, wato mai hasken ultraviolet da ido ba ya gani, a layin tace ruwansa. Abu uku ne suka fi kai mutum ga wannan tunani. Ko dai ruwa ya rine ya koma kore shar saboda gansakukar da ke yawo a cikinsa har ba a hango kifin da ke can baya, ko ya yi fari dishi-dishi saboda bakteriya sun yi yawa a cikinsa, ko kuma cutar farin ɗigo ta shigo ta kwashe kifayen da aka daɗe ana reno. Matsalolin nan uku kowace da halinta, kuma na'urar da za ta wanke koren ruwa cikin 'yan kwanaki tana iya kasa yi wa cutar farin ɗigo komai. Saboda haka kafin ka tambayi wat nawa za ka saya, fara tambayar kanka abin da kake son kashewa, sannan ta wace hanya ruwan zai bi ta gaban fitilar. Nan ne zaɓin yake.

Aikin hasken kansa ba sabon ilimi ba ne. Tun 1877 Arthur Downes da Thomas Blunt suka nuna a Ingila cewa hasken rana na hana bakteriya yaɗuwa, kuma a 1910 aka gwada tsabtace ruwan sha da fitilar UV a birnin Marseille na Faransa. Ɓangaren hasken fitilar da ke wannan aiki shi ake kira UV-C, mai tsawon zango tsakanin nanomita 200 da 280. Ƙwan fitilar da aka saba sa wa tankin kifi yana ɗauke da tururin zaiba, yana fitar da mafi yawan haskensa a nanomita 254, kusa da inda ƙwayar gado ta DNA ta fi shan haske. Idan hasken ya ratsa ƙwayar halitta, sai ya lalata mata rubutun gadonta, ta kasa rabuwa ta hayayyafa. Ba ya zuba komai a ruwa, ba ya barin komai a baya. Wannan shi ne kyawunsa, kuma shi ne iyakarsa: abin da bai bi ta cikin bututun fitilar ba, ko ƙwarzane bai samu ba. Gansakukar da ta manne a gilashi, da wadda ta yi gashi a kan duwatsu, da ƙwayar cutar da ta riga ta shige fatar kifi, duk suna nan lafiya lau.

Abin da ke kisa shi ne yawan hasken da ƙwayar ta sha, wato ƙarfin hasken a ninka da daɗewarta a gabansa. Kamar shanya ce: rigar da aka ratsa tsakar rana da ita a guje ba ta bushewa, komai zafin ranar. Ana auna wannan da milijul a kan kowane murabba'in santimita. Wasu kamfanoni suna rubuta shi da maikirowat-daƙiƙa, inda milijul 30 yake daidai da 30,000. Wajen milijul 30 ya ishi gansakukar da ke yawo a ruwa da yawancin bakteriya. Ƙwayoyin farin ɗigo kuwa manya ne, suna da tauri, adadin da ake ba su ya ninka wancan sau da yawa: wajen 100 ga na ruwan daɗi, kusan 300 ga na ruwan gishiri. Wannan tazara ita ce ta raba na'urar share ruwa da na'urar kashe cuta, ko da a kwali suna ɗaya aka rubuta musu.

Ɗauki misali. A ce cikin bututun fitila yana ɗaukar ruwa lita ɗaya da rabi. Idan famfo na tura lita 3,000 a awa, kowane ɗigon ruwa bai kai daƙiƙa 2 a gaban haske ba. Idan aka rage gudun zuwa lita 600 a awa, zai yi daƙiƙa 9. Fitila ɗaya, wuta ɗaya, amma hasken da ƙwayar ta sha ya ninka sau biyar. Ganin haka sai mutum ya ce to a rage gudun kawai. A ƙaramin tanki hakan na yi. A babban tanki kuwa wata matsala ce ke jira, domin ruwan da ya fito daga fitila yana komawa ne ya gauraya da wanda bai shiga ba. Idan ruwan da ya kai yawan na tankin ya wuce ta fitila sau ɗaya, ba duka aka taɓa ba, kashi 63 cikin ɗari ne kawai. Zagaye biyu ya kai kashi 86, uku kashi 95, sai an kusa zagaye biyar kafin a kai kashi 99. A duk tsawon wannan lokaci waɗanda suka tsira suna ci gaba da hayayyafa: gansakuka na iya ninka kanta a kwana guda, bakteriya kuwa cikin sa'o'i. Kenan babban tanki yana neman abu biyu masu jan juna, ruwa ya tafi a hankali don ya sha haske, ya kuma zagaya da yawa don a riga ƙwayoyin. Hanyar samun duka biyun ɗaya ce: doguwar fitila mai ƙarfi, da gudun ruwan da kai ka tsara shi.

Hanyoyin haɗawa

Mafi sauƙi ita ce na'urar da ake tsomawa cikin tanki, mai ɗan famfonta a jiki da soso a bakinta. Babu yanka tiyo, babu fargabar yoyo a ƙasa, ka manna ta a gilashi ka kunna. Ga koren ruwan da ya zo sau ɗaya, tana da amfani ƙwarai: ka sa ta mako ɗaya ko biyu, ruwa ya washe, ka cire ka ajiye. Amma ƙwanta gajere ne, ƙarfinta kaɗan, kuma ruwan da take ja bai bi ta matata ba, ɗan soson bakinta ne kaɗai ya tare datti. A tanki mai lita dubu tana iya cin nasara a kan koren ruwa idan an yi haƙuri, amma a maganar cuta kada ma a sa ta a lissafi. Ni ina ganinta a matsayin kayan agajin gaggawa, ba ɓangaren tsarin tacewa ba.

Ta biyu ita ce a saka fitilar a kan tiyon da ke mayar da ruwa daga rufaffiyar matatar waje, irin mai siffar bokiti da ake ajiyewa ƙarƙashin tanki. Mutane da yawa nan suke zaɓa, kuma suna da hujja. Ruwan ya riga ya tace, babu ƙarin famfo, babu abin da ke ɓata kyan tanki. Sai dai gudun ruwan ba naka ba ne, na matatar ne. An yi matatar babban tanki ne don ta tura ruwa da yawa, wanda ya dace da share koren ruwa amma ya yi wa kashe ƙwayoyin cuta sauri. Idan ka matse bawul don fitila ta ji daɗi, ka tauye matatar, bakteriya masu amfani da ke cikinta su samu ƙarancin iskar oksijin, datti ya fara kwanciya a tanki. Ga shi kuma gudun ba ya tsayawa wuri ɗaya: ranar da aka wanke matata ruwa na gudu, bayan makonni soso ya toshe gudun ya ragu. Fitilar ma da kanta tana ƙara wa famfon nauyi, musamman idan bakin bututunta ya fi tiyon ƙanƙanta. Wanda ke da matata biyu a tanki ɗaya yana da mafita mai kyau a nan: ya bar babbar ta yi aikinta, ya ɗora fitilar a kan ƙaramar. Game da waɗanda ake sayarwa da ɗan ƙwan UV a cikin matatar kanta, ƙwan yakan zama ƙarami, ruwan kuma yana wucewa da sauri. Ƙari ne mai daɗi, amma ba dalilin sayen matata ba ne.

Manyan tankuna da yawa suna da tankin ƙasa, wanda ruwa ke gangarowa cikinsa a tace sannan babban famfo ya mayar da shi sama. A nan hanya ta uku take: a cire reshe daga bututun babban famfon, a sa bawul, wani kaso na ruwan ya bi ta fitila. Ba a ƙara famfo ba, kuma ana iya daidaita gudu. Illarta ita ce komai a ɗaure yake da komai. Ka taɓa bawul ɗaya, gudun sauran rassan ya canza. Ka rage ƙarfin babban famfo lokacin ciyarwa, ruwan fitila ya ragu ko ya tsaya, ƙwan kuma yana ci. Ruwan da reshen ya ɗauka ma an rage shi ne daga wanda zai koma tanki, don haka famfon da dama yake aiki a iyakar ƙarfinsa ba zai ɗauki wannan ƙari ba. Idan za a bi wannan hanya, ma'aunin gudun ruwa a kan reshen ya zama dole.

Ta huɗu, wadda ni na fi amincewa da ita ga duk tankin da ya haura lita 800, ita ce a ba fitilar famfonta na kanta. Ƙaramin famfo mai daidaituwa, a zaunar da shi a ɗakin tankin ƙasa inda ruwa ya riga ya wuce matatar datti, ya tura ta fitila, ruwan ya fita a gaba. Wannan "a gaba" yana da muhimmanci sosai, kuma nan ake yawan kuskure. Idan bakin fita ya zuba a ɗakin da famfon ke ja, ruwa ɗaya za a yi ta juyawa ana haska shi sau goma, na tankin sama kuwa yana jira. A zuba shi a ɗakin babban famfo, ko a kai shi tankin sama kai tsaye. Da wannan tsari gudun na hannunka: lokacin koren ruwa ka ƙara, lokacin da ka kawo sabon kifi ko ka ga alamar cuta ka rage. Kana iya kashe layin gaba ɗaya ka wanke ba tare da ka taɓa tacewa ba. Abin da za ka biya shi ne ƙarin famfo ɗaya, ƙarin waya, ɗan ƙarin zafi a ruwa, da ƙarin mahaɗai biyu ko uku da za su iya yoyo. A ganina wannan ciniki ne mai riba.

Akwai yanayi guda da nake juya wannan shawara. Idan tankuna biyu ko fiye suna shan ruwa daga tankin ƙasa ɗaya, to reshe ko layin gefe ba su isa ba. A nan so ake duk ruwan da zai koma sama ya bi ta fitila, kuma ya sha cikakken adadin da ke kashe ƙwayar cuta a wucewa ɗaya, domin fitilar ta zama shinge tsakanin tanki da tanki. Wannan ne wurin da UV ke yin aikin rigakafi na gaske, shi ya sa gidajen nuna kifaye da wuraren ƙyanƙyasa ke dogara da shi. Amma yana neman babbar na'ura, wani lokaci biyu. Idan aka jera biyu ɗaya bayan ɗaya, hasken da ruwa ke sha ne ke ninkuwa. Idan aka raba ruwan gida biyu kowace ta ɗauki rabi, sakamakon ya yi kusa da haka, sai dai ana iya rufe ɗaya a gyara ɗayar na aiki. Riba ta biyu ita ce ana canza ƙwayayen a lokuta daban, don kada su tsufa tare.

Ƙwan da gidansa

Ƙwan zaiba na yau da kullum yana mayar da kusan kashi ɗaya cikin uku na wutar da ya ci zuwa UV-C, sauran ya tafi a zafi da ɗan haske shuɗi. Wato ƙwai mai wat 40 yana ba da wat goma sha wani abu ne na hasken da ke aiki. Iri biyu aka fi gani: lanƙwasasshe gajere mai ƙafafu a gefe ɗaya, da miƙaƙƙe dogo. Idan wat ɗinsu ɗaya, dogon ne nake ɗauka ga babban tanki, domin ruwa yana daɗewa a gefensa, kuma babu ƙafa ɗaya da ke tare hasken ɗayar. Gajeren ya fi shiga matsatsin kabad, wannan kaɗai ya fi dogon da shi. Sama da waɗannan akwai ƙwan amalgam, wanda aka gauraya zaibarsa da wani ƙarfe. Yana ba da haske mai yawa a tsawo ɗaya, ba ya damuwa sosai da sauyin zafin ruwa, kuma ya fi daɗewa. Ga tanki mai lita dubu biyu ko uku, shi ne ke hana a cika kabad da bututu. Fitilun LED masu UV-C ba su da zaiba, kuma kunnawa da kashewa ba ya cin ransu, amma kason wutar da suke mayarwa haske mai kisa ƙarami ne idan aka gwada da ƙwan zaiba. Ga babban tanki ban ga dalilin zaɓensu ba tukuna.

Tsakanin ƙwan da ruwa akwai kube na gilashin kwaz. Gilashin taga yana tare UV-C, kwaz kuwa yana barinsa ya wuce. Kuben yana kare ƙwan daga ruwa, yana kuma riƙe masa ɗumi, domin ƙwan zaiba ya fi ba da haske idan jikinsa na wajen digiri 40, ruwan tanki kuwa yawanci 24 zuwa 27 yake. Na'urar da ba ta da kube, ruwa na taɓa ƙwan kai tsaye, haskenta na raguwa, musamman a tankin kifayen ruwan sanyi. A duba kuma tazarar da ke tsakanin kuben da bangon bututu. UV-C ba ya tafiya nesa a ruwa mai datti ko mai launi. Idan tankinka na da itace da ke rina ruwa ya yi ja-ja, ko kifaye manya masu yawan kashi, ƙwayar da ta bi ta jikin bango ba ta shan rabin abin da ta kusa da kube ta sha. A irin wannan ruwa siririn bututu ya fi, a ruwa garau kuma mai faɗi ya fi domin yana riƙe ruwa ya daɗe. Gawayin tacewa a gaban fitila yana cire launin, yana ƙara mata ƙarfi ba tare da an ƙara wat ko ɗaya ba.

Lokacin karanta takardar kamfani, adadin litar tankin da aka rubuta da manyan baƙaƙe shi ne mafi ƙarancin amfani. Nemi jadawalin da ya ce milijul kaza a gudu kaza. Idan ya ce milijul 30 a lita 6,000 a awa, to a lita 2,000 za ka samu wajen 90, a lita 1,000 wajen 180. Duba ko lissafin na sabon ƙwai ne ko na wanda ya kai ƙarshen ransa, domin na biyun ne gaskiyar abin da za ka zauna da shi. Kamfanin da bai ba da irin wannan jadawali ba, ka ɗauki kayansa a matsayin na share ruwa kawai.

Idan cuta ce damuwarka

Nan nake so a tsaya a yi tunani da kyau, domin nan ne ake asarar kifi bisa dogaro da na'ura. Ƙwayar farin ɗigo ta ruwan daɗi, Ichthyophthirius multifiliis, da takwararta ta ruwan gishiri, Cryptocaryon irritans, rayuwarsu mataki-mataki ce. Ɗigon da kake gani a jikin kifi ƙwaya ce da ke ci a ƙarƙashin fata, inda haske ba ya kaiwa. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa, ta lulluɓe kanta a kan yashi ko dutse, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya. Nan ma fitila ba ta ganinta. Sai 'ya'yan sun fashe sun fito suna iyo ne za a iya kama su, kuma kwana ɗaya zuwa biyu kawai suke da shi kafin su samu kifi ko su mutu. To a ina suke fitowa? A ƙasan tanki, inda kifaye da yawa ke kwana. Tazarar da ke tsakaninsu da kifi 'yar kaɗan ce, wadda ke tsakaninsu da bakin famfo kuwa tana iya kai mita. Fitila mai kyau tana rage yawansu, kuma ragin na iya ba kifi mai ƙarfi damar jurewa. Amma ba ta raba tanki da cutar. Ta ruwan gishirin ma tana iya kwanciya a lulluɓe har kwana 72, shi ya sa masu tankin murjani ke barin tanki babu kifi sama da wata biyu idan suna son su rabu da ita.

Saboda haka idan aka ce in zaɓi ɗaya tsakanin fitilar UV da tankin killacewa, tankin killacewa zan ɗauka ba tare da jinkiri ba. Ƙaramin tanki ne da matatar soso da na'urar ɗumama ruwa, inda sabon kifi zai yi wajen mako huɗu ana kallonsa, a yi masa magani a can idan ya nuna alama. Fitila tana zuwa ne bayan wannan, ta rage nauyin bakteriya a ruwan tankin da ke da cunkoso, ta taimaka wa kifin da ya ji rauni kada ciwonsa ya ruɓe.

Koren ruwa kuwa, nan UV ba ta da na biyu. Rufe tanki ruf kwana uku ko huɗu yana aiki, amma tsirrai na wahala, kuma sau da yawa koren na dawowa. Canjin ruwa shi kaɗai ba ya yi, ragowar na cike gurbin cikin kwanaki. Matata mai matuƙar laushi tana kamawa, sai dai tana toshewa da wuri. Fitila tana gamawa da shi cikin kwanaki, ba ta taɓa tsiro ko kifi. A tuna dai gawar gansakukar tana ruɓewa ne a cikin tanki, don haka a wanke soso, a canza wani kaso na ruwa, a ƙara iska. Abin da ya ciyar da ita tun farko, hasken da ya yi yawa ko amoniya ko tarin naitiret da fosfet, yana nan, fitila ba ta cire ko ɗaya. Idan ba a gyara ba, sai abincin ya koma ga gansakukar da ke manne, wadda fitila ba ta iya wa.

Ozon shi ne abokin gasar da ake yawan ambata. Yana ƙona launin rawaya da ke sa ruwa ya dushe, abin da UV ba ta yi sosai, kuma yana ƙara wa na'urar da ke cire datti da kumfa a tankin gishiri ƙarfi. Amma iska ce mai guba: idan ta yi yawa tana ƙona gaɓoɓin numfashin kifi, tana cutar da huhun mutanen ɗaki, a ruwan gishiri kuma tana haɗuwa da sinadarin buromaid ta haifar da wasu abubuwa masu illa. Sai da na'urar sa ido da gawayi a bakin fita. Idan fitilar UV ta yi ƙarfi fiye da buƙata, wuta kawai aka ɓata. Idan ozon ya yi yawa, kifi ne ke mutuwa. Ga tankin gida, gawayi da UV sun ba da kusan duk abin da ake nema daga ozon.

Nau'in tankinka ma yana da ta cewa. A tankin tsirrai, hasken yana warware riƙon da ke hana sinadarin ƙarfe na taki kwantawa, sai ƙarfen ya fita daga ruwa kafin tsiro ya sha. Mai irin wannan tanki gara ya riƙa kunna fitilar lokacin buƙata kawai, ko ya kashe ta na wasu sa'o'i bayan zuba taki. A tankin murjani tana kashe ƙananan halittun da ke yawo a ruwa waɗanda murjani da wasu kifaye ke ci, duk da cewa mafi yawansu a kan duwatsu suke zaune. Tankin manyan kifaye zalla, mai cunkoso da yawan ciyarwa, shi ne ya fi kowa cin moriyarta. Tsoron cewa za ta kashe bakteriya masu narkar da amoniya ba shi da tushe a tankin da ya zauna, domin a manne suke a jikin soso da duwatsu. Sabon tanki ne, ko ranar da aka zuba bakteriya masu amfani da ake saya a kwalba, ya kamata a kashe ta na 'yan kwanaki har su kama wuri. Haka nan duk lokacin magani: da yawa daga magungunan kifi suna lalacewa a hasken, na jan ƙarfe kuma yana iya warwarewa ya zama guba fiye da yadda aka auna.

Sai ɗawainiyar da ke biyo baya, wadda ya kamata a sa a ma'auni tun kafin saye. Ƙwan zaiba na yau da kullum yana aiki wajen awa 8,000 zuwa 9,000, shekara kuwa awa 8,760 ce, don haka wanda ke barinsa dare da rana canjin shekara-shekara ne a kansa. Shuɗin hasken da ake gani ta 'yar tagar na'ura ba shaida ba ce, yana ci gaba da haskawa bayan UV-C ɗin ya yi rauni. A rubuta ranar sawa a jikin bututun. Yawan kunnawa da kashewa yana rage masa kwana. Ƙwai mai wat 55 da ke ci kullum yana shan kilowat-awa 1.3 a rana, kusan 480 a shekara, banda famfo, kuma yawancin wannan yana ƙarewa ne a matsayin zafi a ruwa, abin lura ga mai fama da tanki mai ɗumi. Kuben kwaz yana yin farin ɓawo a ruwa mai yawan alli, sai a jiƙa shi a ruwan kal ko tsamin sitirik duk bayan 'yan watanni, a canza robar bakinsa idan ta taurare, kada kuma a kama shi da hannu tsirara domin maiƙon yatsa na barin tabo. Kuben dogo ne mai saurin fashewa, kuma ta gefe ɗaya ake zaro shi, don haka a bar fili a wannan gefen daidai tsawon na'urar. Mutane kan manta da wannan sai ranar wanki.

A kafa ta a tsaye ruwa ya shiga ta ƙasa ya fita ta sama, ko a kwance bakunan na kallon sama, don kada iska ta taru ƙwan ya yi zafi a bushe. A haɗa wutarta da ta famfonta a makunni ɗaya, famfo ya tsaya ita ma ta mutu. Akwatin wutarta ya zauna sama da inda ruwa zai iya fantsama, wayar ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta kai soket, soket ɗin kuma ya zama mai yanke wuta idan ta zurare. Kada a taɓa kunna ƙwan a waje don a ga ko yana aiki. UV-C yana ƙona ido cikin ɗan lokaci, zafin kuma ba ya zuwa sai bayan sa'o'i. Tsohon ƙwai yana da zaiba, wurin karɓar irin waɗannan fitilu ake kai shi.

Ga tanki mai lita 1,000 da tankin ƙasa, abin da zan haɗa shi ne doguwar fitila mai kuben kwaz, wadda jadawalinta ya nuna milijul 100 ko fiye a lita 1,000 zuwa 1,500 a awa, da famfonta na kanta. Wannan na nufin ruwan tankin zai zagaya ta fitila sau 24 ko fiye a kwana, kuma da sauran damar ƙara gudu idan koren ruwa ya taso. Wanda ba shi da tankin ƙasa, ya ɗora ta a kan ƙaramar matata ta biyu. Wanda koren ruwa ya dama sau ɗaya tak, ta tsomawa ta ishe shi. Bayan an gama haɗawa, kada a yarda da adadin da ke jikin famfo, domin an auna shi ne babu tiyo babu hawa. A sa bakin fita a bokiti mai lita 10 a duba agogo: idan ya cika a daƙiƙa 36, lita 1,000 ke nan a awa, idan a daƙiƙa 60, lita 600. A maimaita wannan awo bayan wata biyu, lokacin da tiyo ya fara kama datti.